Huhu da Ɓargon Haƙori: Sunayen Cututtukansu da Abin da Ya Kamata Manomin Rani Ya Sani

Ya ku jama'ar Kumbotso da Kura da Bunkure, da duk wanda ke cin abinci da ruwan Tiga, wannan takarda taku ce. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, mai gida kuma ya karanta wa iyalinsa.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka jawo ruwa zuwa Kadawa da kewayenta, manomin wannan yanki bai ƙara sanin zaman rani ba. Da damina yana cikin shinkafa, da hunturu yana kan alkama da tumatir da albasa. Arziki ya ƙaru, alhamdu lillahi, amma wahalar jiki ma ta ƙaru. Ga ban ruwa da asuba, ga feshi, ga ƙurar casa, ga hayaƙin turara shanshera. Duk wannan ƙirji ne ke ɗauka. Da kuɗi suka shigo hannu kuma, shayi mai sukari da lemon kwalba da alewa suka yawaita, wannan kuwa haƙori ne ke ɗauka.

Akwai kalmomi biyu da suka daɗe suna tsare mutanenmu a gida har ciwo ya yi nisa. Duk abin da ya taɓa ƙirji sai a ce sanyi ne. Duk abin da ya taɓa haƙori sai a ce tsutsa ce. Da an faɗi haka magana ta ƙare, sai a nufi kemis ko mai tallan magani a kasuwa. Alhali abin da muke kira sanyi cututtuka ne da yawa, kowace da sunanta da maganinta, maganin wata ba ya yi wa wata aiki. Nufin wannan takarda shi ne mutum ya san abin da ke cikin ƙirjinsa da haƙorinsa, ya san sunayen da likita ke kiran cututtukansu, don in ya je asibiti ya faɗi abin da za a gane, in an yi masa bayani shi ma ya gane.

Yadda huhu yake

Kowa ya ga huhun akuya a wurin mahauci, na mutum ma kusan haka yake. Guda biyu ne, na dama ya kasu kashi uku, na hagu kashi biyu, don ya bar wa zuciya wuri. Iska kan shiga ta hanci, ta bi maƙogwaro, ta gangara cikin bututu guda, sannan bututun ya rabu biyu. Manomin Kadawa ba ya bukatar dogon bayani a nan: yadda babban kanal ke ba ƙananan kanal ruwa, su kuma su ba magudanai, har ruwa ya isa kowane fangali, haka hanyoyin iska ke ta rarrabuwa suna ƙanƙancewa, har su ƙare a wasu 'yan jakunkuna da ido ba ya gani, waɗanda yawansu ya kai miliyoyi ɗari-ɗari. A cikinsu ne jini ke karɓar iskar oksijin, ya zubar da gurɓatacciya. In hanya ta toshe, ko jakunkunan suka cika da ruwa ko mugunya, jini ba zai sami rabonsa ba, sai mutum ya fara haki.

Baligi mai lafiya da ke zaune yana numfashi tsakanin sau 12 da 20 a minti guda. Yaro ya fi haka sauri. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Tun 1816 wani likitan Faransa mai suna Laennec ya ƙago abin sauraron ƙirji, wanda likita ke ratayawa a wuya. A 1895 kuma aka gano hasken da ake ɗaukar hoton cikin jiki da shi. Da waɗannan biyu, da gwajin kaki, ake rarrabe cututtukan da za mu ambata. Mai kemis ba shi da ko ɗaya a cikinsu.

Sunayen cututtukan ƙirji

Na farko ciwon haƙarƙari, wanda asibiti ke kira nimoniya. Ƙwayoyin cuta ne ke shiga jakunkunan nan su cika su da ruwa. Yakan zo da gaggawa: zazzaɓi mai zafi, tari, da suka a gefen ƙirji duk lokacin da aka ja numfashi. Mutane kan ce ai shiga ruwan sanyi da asuba ne, ko shan ƙanƙara. Gaskiya ne ciwon ya fi yawa da hunturu, amma dalili shi ne ƙura da bushewar iska suna raunana hanyar numfashi, mutane kuma suna cunkushewa a ɗaki guda an toshe taga, wani lokaci har da kaskon wuta. Ruwan sanyi shi kaɗai ba ya haifar da ƙwayar cuta.

Ga babba ciwon haƙarƙari wahala ne, ga ƙaramin yaro kuwa yana cikin manyan masu kisa. Saboda haka kowace uwa ta koyi ƙirga numfashi. A bari yaro ya natsu, a ɗaga rigarsa, a dubi agogon waya, a ƙirga tashin ƙirjinsa har minti guda cif. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60, ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa shekara guda, 50. Daga shekara guda zuwa 5, 40. In kuma aka ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki yayin da yake jan iska, ko ya kasa kama nono, ko leɓensa ya sauya launi, to, ba a jiran gari ya waye, ba a kuma jiran mai gida ya dawo daga gona. Tsaga da ƙaho a ƙirjin yaro ba sa kai wa inda ciwon yake. Yanke beli ma haka: beli ba ya sa tari, yanke shi kuwa yakan jawo zubar jini da shigar wata cutar. Wanzami yana da aikinsa da mutuncinsa a gari, amma huhu ba fagensa ba ne.

Na biyu tarin fuka, wato tibi. Shi ba ya gaggawa, a hankali yake cin mutum. Tari ya wuce mako biyu, zazzaɓi da yamma, gumi da dare har a jiƙa shimfiɗa, rama, rashin cin abinci, wani lokaci kaki da jini. Ba gado ba ne, ba sammu ba ne. Wani likitan Jamus, Robert Koch, shi ya nuna wa duniya ƙwayar da ke kawo shi ran 24 ga Maris, 1882, shi ya sa ake tunawa da cutar a wannan rana kowace shekara. Ta iska ake ɗaukarsa, in mai shi ya yi tari a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Ware masa kwano da cokali bai tsare kowa ba, buɗe taga da fara magani su ne tsari. Akwai kuma irin na shanu, wanda ake samu ta madarar da ba a tafasa ba.

Gwajin kaki da maganin tibi kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka ware don haka. A Kano kowa ya san Asibitin Zana, akwai kuma sashen tibi a manyan asibitoci da ƙananan asibitocin ƙananan hukumomi da dama, a Saye ta Zariya kuwa akwai cibiyar ƙasa ta horar da ma'aikatansa. Yanzu akwai na'urar da ke ba da sakamako cikin sa'o'i kaɗan, har ta nuna ko ƙwayar mai taurin kai ce, wato wadda ba ta jin magani. Magani wata 6 ne: wata 2 na farko haɗin magani huɗu, sauran wata 4 haɗin biyu. Ɗaya daga cikinsu yakan mai da fitsari ja-ja, kada wannan ya tsorata kowa. Inda ake yin ɓarna shi ne a wata na biyu ko na uku. Mutum ya ji ƙarfi, tari ya tsaya, ga dashen tumatir ya zo ko girbin shinkafa, sai ya ajiye magani ya koma gona. Ƙwayoyin da suka rage su ne masu ƙarfin, in suka farfaɗo maganin farko ba zai ƙara kashe su ba. Daga nan sai doguwar jinya, irin wannan mai taurin kan kuma shi zai shafa wa matarsa da 'ya'yansa.

Na uku asma. A nan akwai ruɗani, domin wasu kan kira ta fuka, sai a ɗauka ita ce tibi. Ba su haɗa komai ba. Asma ba ƙwayar cuta ba ce, ba a ɗaukarta daga wani. Hanyoyin iska ne ke tsukewa in sun haɗu da abin da ba sa so, kamar ƙaiƙayi ko hazo ko hayaƙi, sai ƙirji ya riƙa fito, numfashi ya yi wuyar fita. Takan zo ta tafi. Maganin shaƙa da likita ke bayarwa ba ya kama mutum, ba kuma alamar ciwo ya kai ƙarshe ba ne, kamar yadda ake yaɗawa. Shi ne ma ya fi sauƙi ga jiki, don kai tsaye yake zuwa inda ake bukatarsa.

Akwai tarin shiƙa na yara, da mashaƙo, wanda ya yi wa jihar Kano ɓarna ƙwarai a 2023. Su biyun allurar rigakafi guda ke tare su, wadda ake yi wa jariri a mako na 6 da na 10 da na 14, tare da ta ciwon haƙarƙari. Ta tibi kuwa da haihuwa ake yi, ita ce mai barin tabo a dantse.

Bari mu ɗan ratse. Ba duk haki ne daga huhu ba. Mai jegon da ta fara kumburin ƙafa, ba ta iya kwanciya sai an tokare ta da matashi, tana tari da dare, sau da yawa zuciyarta ce ta gaza, ruwa ya taru a huhu. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura da yawan wannan ciwo a ƙasar Hausa, suka kuma ja kunne a kan yawan kanwa a kunu da tsananin zafin wankan jego. Irin wannan mace maganin tari ba zai yi mata komai ba. Maganin tari mai kodin kuwa, wanda gwamnatin tarayya ta hana a 2018, dama can danne tari yake yi, bai taɓa warkar da abin da ya kawo shi ba.

Feshi da ƙura da hayaƙi

Wannan sashe na manomi ne musamman. Maganin ciyawar nan mai ƙone ganye nan take, wanda ake kira farakwat, guba ne da ke neman huhu. Kurɓi kaɗan ya isa ya lalata shi cikin kwanaki, kuma ba shi da makari. Magungunan ƙwari irin su fiya-fiya su kuma sukan sa yawu ya yi ta zuba, ƙirji ya cika da ruwa, ƙwayar ido ta ƙanƙance. Duk da haka za ka ga saurayi yana feshi ba riga, iska na dawo masa da maganin a fuska, in bakin injin ya toshe ya sa baki ya busa. Wani ya zuba ragowar a gorar lemo ya ajiye a ɗaki inda yara ke wasa. Wannan ba jarumta ba ce. A rufe hanci da baki, a ba iska baya, a wanke jiki da sabulu kafin a ci abinci. Wanda ya sha ko ya shaƙa, a tuɓe masa kayan, a wanke shi, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar maganin, don likita ya ga sunansa. Ɗura masa manja ko madara ɓata lokaci ne, yana iya ma sa shi ya shaƙe.

Ƙurar ɓuntu a injin casa, da hayaƙin icce da matan Kura ke tsayawa a kansa suna turara shanshera shekara da shekaru, da abin da ma'aikatan masana'antun Challawa ke shaƙa, su ba sa kayar da mutum rana ɗaya. Sai girma ya zo a ga tsohuwar da ba ta taɓa shan taba ba tana fama da tari da haki irin na mashaya taba. Huhun da ya lalace ta wannan hanya ba ya komawa daidai, sai dai a lallaɓa shi. A yi murhu a fili ko inda hayaƙi ke fita, kada a goya jariri a tsaya da shi a kan tukunya.

Abin da ke cikin haƙori

Yaro yana da haƙora 20, baligi 32. Mutane da yawa sun ɗauka haƙori ƙashi ne tsagwaro, amma hawa uku ne. Na waje shi ne farin ɓawo, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, ba ya kuma jin zafi. A ƙarƙashinsa akwai wani mai ɗan rawaya, bai kai shi tauri ba, yana jin sanyi da zaƙi. A can tsakiya akwai kogo, cikinsa da wata 'yar tsoka mai taushi, cike da jijiyoyin jini da na jin zafi, ta gangara ta cikin saiwa har ta haɗu da muƙamuƙi. Ita ce ɓargon haƙori, wasu su ce jijiyar haƙori. Ita ke ciyar da shi, ita ce ransa.

Babu tsutsa a haƙori. Ba mu kaɗai muka yi wannan zato ba, mutanen dā a ƙasashe da yawa sun yi shi, har likitoci suka bincika da madubi ba su ga komai ba. Abin da ke faruwa shi ne ƙwayoyin cuta na cikin dauɗar baki suna cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsami, tsamin ya riƙa narkar da ɓawo har ya huda shi. Abin da mai turara haƙori ke nuna maka a cikin ruwa ya ce ga tsutsarka ta fito, ba daga haƙorinka ya fito ba.

Ciwon yana da matakai, sanin su kuwa shi ne sanin kuɗin da za ka kashe. Muddin ramin bai kai ɓargo ba, za ka ji tsam in ka sha ruwan sanyi ko ka tauna rake, da ka daina ya wuce. A nan ciko kawai ake yi, a kankare ruɓar a toshe ramin, aiki ya ƙare a zama guda. In aka bari ya kai ɓargo, sai ɓargon ya kumbura. To, yawancin tsokar jiki in ta kumbura tana da wurin buɗawa, ban da wannan, don bango mai tauri ya kewaye ta ko'ina. Shi ya sa ciwon haƙori ke zuga kamar ana bugawa, shi ya sa kuma ya fi tsanani da dare, in an kwanta jini ya ƙaru a kai. A wannan mataki ciko ba ya wadatarwa, ƙwayoyin kashe cuta na kemis ma ba sa warkar da shi. Ko dai a yi wankin saiwa, wato a kashe zafi da allura, a cire ɓargon, a wanke kogon a cike shi, haƙori ya zauna a wurinsa yana tauna, ko kuwa a cire haƙorin ɗungum. Ga yara akan yanke saman ɓargon kawai a bar na cikin saiwa.

Mataki na gaba shi ne mai yaudara. Wata rana sai zafi ya ɗauke ɗif, mutum ya ce maganin wane ya yi aiki. Ba warkewa ba ce, ɓargon ne ya mutu. Ruɓar tana nan tana gangarawa, bayan makonni ko watanni ta taru a ƙarƙashin saiwa ta zama mugunya, kunci ya kumbura, ko wani ɗan ƙurji ya fito a dasashi yana tsiyaya. Masu ɗiga ruwan batir ko fetur a ramin haƙori abin da suke yi ke nan, kashe ɓargo da ƙone dasashi. Danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi ma ƙuna take yi. Kanumfari yana rage zafi da gaske, likitocin haƙori ma suna amfani da mansa, amma ba ya toshe rami.

Iyaye su lura da abu guda. Wajen shekara 6 wani babban turmi kan fito wa yaro a can ƙurya, bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba. Na dindindin ne. Sau da yawa akan bar shi ya ruɓe da zaton zai fita wani ya maye, alhali babu mai maye shi. Cewa da ake yi cire haƙorin sama yana makantarwa, ba gaskiya ba ne. Mai ciki ma ana duba haƙorinta, sai dai ta faɗa wa likita, haka mai hawan jini da mai ciwon sukari. Asuwaki kuwa, wanda addini ya kwaɗaitar da mu a kansa, yana da amfani sosai. A haɗa shi da buroshi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, safe da kuma kafin barci.

Inda baki da ƙirji suka haɗu

Mai karatu zai ce me ya haɗa huhu da haƙori a takarda guda? Ƙofarsu ɗaya ce. Duk iskar da ta bi ta baki ta wuce ta kan haƙora. Tsoho, ko mai farfaɗiya, ko wanda ya sha abin maye ya yi barci mai nauyi, yakan shaƙi yawun bakinsa, in bakin cike yake da ruɓa sai ta sauka huhu ta yi ƙurji a can, kaki ya riƙa wari. Kumburin turmin ƙasa kuma yana iya bazuwa ƙarƙashin haɓa ya tura harshe sama ya toshe numfashi. Duk wanda kumburin haƙori ya hana shi buɗe baki ko haɗiyar yawu, ko ya kai masa ido, a kai shi babban asibiti a daren, irin Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano.

A takardar asibiti ma sunayensu sun yi kama, har su rikita mai ɗan karatun boko. Kalmar da ta fara da "pulmo" ta huhu ce, wadda ta fara da "pulp" ba tare da "m" ba ta ɓargon haƙori ce, duka daga Latin. In kalma ta ƙare da "itis" kumburi ake nufi, in ta ƙare da "ectomy" cirewa ake nufi. PTB a kati tibin huhu ne, RCT wankin saiwa ne. Kada kunya ta hana ka cewa, "Likita, don Allah faɗa mini sunan ciwon da Hausa, kwana nawa zan sha maganin, yaushe zan dawo?" Haƙƙinka ne. Kai ma kada ka ce masa sanyi ke damunka ka yi shiru. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka ce tari ne, yau mako uku, da gumin dare, kakin kuma ga launinsa. Ka ce haƙorin yana tashinka daga barci, ko kuwa sai ka sha ruwan sanyi yake motsawa. Ka faɗi aikinka, feshi ne ko casa, ka kuma nuna duk maganin da ka riga ka sha.

Muna roƙon dagatai da masu unguwanni da limamai da shugabannin ƙungiyoyin manoman rani su karanta wannan a majalisa da bayan sallar Juma'a, malaman Islamiyya kuma su karanta wa mata. Wanda ya san yana da mai tarin da ya wuce mako biyu a gidansa, ya kai shi gwajin kaki a wannan makon, ya tafi da sauran masu kwana ɗaki ɗaya da shi. Ba a biyan ko kwabo.